Biro da littafin awo: yadda ake rubuta abin da ya ƙi barin zuciya

Kowane tela yana da littafin awo. Nawa na wancan lokacin mai baƙin bango ne, har yau yana cikin durowar keke a shagona da ke Kurna, a Kano. Can tsakiyarsa akwai awon ƙanina, autan Umma: tsawon riga, kafaɗa, hannu, wuya, tsawon wando. Da hantsi na auna shi, a goman ƙarshe na azumin 2011. Bayan la'asar na goya shi a babur za mu Kantin Kwari mu ƙaro shadda, don wadda aka sayo ba za ta fitar da riga da wando ba. An yi ruwa ranar, titi da santsi. Tifa ta kwashe mu a kan titin Katsina. Ni na tsira da karayar hannu, shi kuwa ba a sha ruwa da shi ba. Shekararsa goma sha bakwai.

Aka yi kwana uku ana karɓar gaisuwa, kowa ya ce a yi haƙuri, aka watse. Na yi haƙurin irin wanda na sani, wato na kama bakina. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, na kuwa cika nawa. Shekara tara ban ambaci sunan yaron nan ba sai a addu'a, ita ma a zuci. Amma jikina ya ƙi yin shiru. In tifa ta danna hon a bayana sai gwiwoyina su saki. Ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko, wanda kowa ke marmari, ni tashin zuciya yake sa ni. Nakan bi lungu in zagaye wurin da abin ya faru, ko da zan ƙara rabin awa a hanya. Duk azumi, daidai lokacin da ɗinkin Sallah ya taru, sai in koma wani mutum: faɗa da yaran shago, faɗa a gida, barci ba ya wuce awa biyu, shi ma da mafarki iri ɗaya.

A azumin 2020, lokacin kullen korona, gari ya rufe. Ba shago, ba majalisa, ba ƙarar keke da za ta danne tunani. A nan abin ya kusa kayar da ni. Akwai wani likita da na daɗe ina yi wa ɗinki. Ya kira ni a kan kayansa, ya ji muryata, ya ce, "Malam, lafiya kuwa?" Ban san lokacin da na fara ba shi labari ba. Ya saurara har na kai aya, sannan ya ce, "Ina so ka gwada rubutu." Na ɗauka na allo yake nufi, wanda ake wankewa a sha, na ce an yi mini ba sau ɗaya ba. Ya ce, "A'a, wannan kai za ka yi da hannunka, kuma abin da ya same ka za ka rubuta."

Abin da zan shimfiɗa a nan shi ne abin da ya koya mini, da wanda na karanta daga baya, da wanda hannuna ya gano. Na san ba ni kaɗai ba ne a garin nan. Akwai waɗanda har gobe yammacin Juma'ar 20 ga Janairun 2012, da aka kai hare-haren bama-bamai a Kano, bai wuce musu ba. Akwai waɗanda ke cikin sahu a babban masallacin Juma'a na cikin gari ranar 28 ga Nuwamban 2014, da aka kai harin bam a wurin. Akwai ɗan kasuwar da ya tsaya yana kallon wuta tana lashe shagonsa a Sabon Gari a 2016, da matar da ta shiga ɗakin haihuwa ta koma gida ba goyo, da yarinyar da aka zalunta a cikin gidansu aka ce ta rufa wa dangi asiri.

Dabarar tana da tushe. A 1986 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, James Pennebaker, shi da Sandra Beall, suka fitar da sakamakon wani gwaji da suka yi da ɗaliban jami'a 46. Kowa ya yi rubutu na minti 15 kullum, kwana huɗu a jere. Wasu aka ce su siffanta abubuwa marasa nauyi, kamar ɗaki ko takalmin da ke ƙafarsu. Wasu su rubuta mummunan abin da ya taɓa samunsu, amma yadda ya faru kawai. Wasu abin da suka ji a ransu kawai. Rukuni na ƙarshe su haɗa biyun. Da aka bi sawunsu wata shida, waɗanda suka haɗa biyun su suka fi ƙarancin zuwa asibitin makaranta. Daga nan an maimaita irin wannan gwaji fiye da sau ɗari. In aka tattara sakamakon duka, amfanin yana nan, sai dai ba mai yawa ba ne, kuma ba kowa yake karɓa ba. Gara ka san wannan tun yanzu, don kada ka ɗora wa takarda kayan da suka fi ƙarfinta.

Yadda likita ya fahimtar da ni, abin firgici ba ya zama a ƙwaƙwalwa kamar sauran labarai. Guntu-guntu yake zama, kamar ƙyallayen da ke zube ƙarƙashin teburin yanka: ƙara a nan, wari a can, hoton takalmi ƙafa ɗaya a tsakiyar titi. Ba farko, ba ƙarshe, ba kwanan wata. Shi ya sa in guntu ɗaya ya taso, jiki sai ya ɗauka yanzu-yanzu abin ke faruwa. Aikin rubutu shi ne a tsince guntayen nan a jera su, wannan kafin wancan, har su zama abu ɗaya da ya faru a wata rana da ta riga ta wuce.

Kafin ka ɗauki biro na san abin da zuciyarka za ta ce, don tawa ta faɗa: wannan ba rashin tawakkali ba ne? Ba tone-tone ba ne bayan an ce a bar wa Allah? Na kai tambayar ga malamin da nake ɗaukar karatu a wurinsa. Ya mayar da ni Suratu Yusuf. Annabi Yakubu, wanda ya ce haƙuri kyakkyawa shi ne abin yi, shi ne dai idanunsa suka yi fari don baƙin ciki, shi ne kuma ya ce a aya ta 86 yana kai ƙarar damuwarsa da baƙin cikinsa ne ga Allah. Ya tuna mini hawayen Manzon Allah (SAW) ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Sannan ya ce, "Abin da aka hana ka shi ne jayayya da hukuncin Ubangiji. Ba a hana ka sanin cewa ka ji ciwo ba."

To, ga yadda ake yi. Da farko, kada ka taɓa ɗanyen ciwo. In abin bai wuce makonni da faruwa ba, bar shi tukuna. Shi kansa Pennebaker shawarar da yake bayarwa ke nan. A wannan lokaci abin da kake buƙata barci ne da abinci da mutane kusa da kai. In kuma har yanzu kana cikin abin, misali macen da ake duka a ɗakinta yau da gobe, neman mafita da tsira shi ne gaba, rubutu ya biyo baya. Wannan aiki na tsohon miki ne, wanda sama ta rufe amma ciki bai warke ba.

Kayan aikin ba tsada: littafi ɗan sittin irin na 'yan makaranta, da biro. Ni daga bangon ƙarshe na littafin awon nan na fara, ina tahowa baya-baya. Wuri shi ne mai wuya, don gidajenmu ba su san kaɗaici ba. Ni a soro nake zama bayan an fito sallar asuba, kafin yara su tashi. Uwargida kuwa, lokacin da yara suka tafi makaranta ko Islamiyya ya fi. Kada ka yi shi dab da kwanciya, za ka kai kayan kan katifa. Ka saita ƙararrawar waya minti 15 zuwa 20. In ta buga ka ajiye biro, ko da a tsakiyar jimla kake. Wannan iyaka ita ce rabin dabarar, don zuciya ba ta yarda ta shiga ɗaki mai duhu sai ta san inda ƙofa take. Kwana huɗu a jere, sannan ka huta. Da boko ko da ajami, duk ɗaya. Ba mai duba maka ƙa'idar rubutu. Wanda hannunsa bai saba da biro ba ya naɗi muryarsa a waya, ya sa mata lambar sirri.

Ranar farko kada ka faɗa tsakiya. Tela ba ya sa almakashi a tsakiyar yadi, daga gefe yake shiga. Fara da safiyar ranar, ko jajiberinta: me ka ci, wace riga ka sa, wa ka fara gaisawa da shi. Ni abin da na fara rubutawa shi ne yadda Auta ke dariya ina auna wuyansa, wai tef ɗin yana yi masa cakulkuli, har na ce ya tsaya cak ko in yi masa wuyan da zai shaƙe shi ranar idi. Shekara tara ban tuna dariyar nan ba. Fuskarsa ta kan titi ta rufe mini duk sauran fuskokinsa. Ka riƙa haɗa biyun da na faɗa, abin da ya faru da abin da ya yi maka a rai. Kalmomi irin "baƙin ciki" da "tashin hankali" sun yi faɗi da yawa, kamar rigar aro. Faɗi inda abin ya tsaya a jikinka: maƙogwaro ya bushe, tafin hannu ya jiƙe, ƙirji kamar an ɗora dutsen niƙa.

Ka sa a ranka cewa in ka ajiye biro za ka ji nauyi ya ƙaru. Ɗaliban gwajin nan ma haka suka ji. Yawanci awa ɗaya ko biyu ne ya sauka. Saboda haka tun kafin ka zauna ka tanadi abin da za ka yi bayan ka tashi. Ni alwala nake yi da ruwan randa, in fita ƙofar gida in tsaya ƙafa ba takalmi, in kira sunan abubuwa biyar da idona ke gani: mai koko, akuya, turken lantarki, kwata, yaro da allo. Wannan yana gaya wa jiki cewa a Kurna kake, yau, da safe. Amma akwai bambanci tsakanin zafin wanke miki da fami. In ka ji numfashi yana sarƙewa, ko ɗakin yana nisa da kai, ko ka ji kamar ka koma cikin abin dungurungum, rufe littafin nan take. Gobe ka rubuta wani abu mai sauƙi. Ba wanda ke binka bashin shafi.

Rana ta biyu na isa kan titi, kuma a nan na maƙale. Jimla ɗaya na yi ta maimaitawa har shafi ya cika: ni na kashe shi. Na kira likita na ce abin nan ƙara mini yake. Ya ce, "Malam, gobe kada ka ce 'ni'. Ka ce 'wani tela'. Ka ba ni labarinsa kamar a majalisa ka ji."

Wannan shi ne abin da ya fi komai yi mini aiki, kuma shi ne dalilin da ya sa nake cewa a mayar da abin ƙagaggen labari, kada a tsaya a zubar da abin da ke ciki kawai. Da na rubuta "akwai wani tela a wata unguwa", sai labarin ya fara yi mini tambayoyin da ban taɓa yi wa kaina ba. Mai sauraro zai so ya san yadda aka yi yaron ya hau babur. Dole na rubuta. Sai ga shi telan ya ce wa yaron ya zauna ya ƙarasa sa maɓallai, yaron ya ce shi fa sai ya zaɓi kalar shaddarsa da idonsa, kafin telan ya fito da makulli ma har ya ɗare bayan babur. Mai sauraro zai tambayi irin gudun da ake yi. Telan a hankali yake tafiya, saboda ruwan da aka yi. Ina tifa ta fito? Ta baro hannunta ne tana kauce wa ruwan da ya kwanta a titi. Bayan nan fa? Telan ya ja jiki da karyayyen hannu, ya ɗora kan yaron a cinyarsa, yana laƙƙana masa kalmar shahada har aka zo aka ɗauke su.

Duk wannan gaskiya ne, duk na san shi, amma shekara tara ban sa ko ɗaya a lissafi ba. Hukuncin da na yanke wa kaina ya hana shaidu magana. Da na karanta shafin sai na ga, da wani ne ya kawo mini labarin wannan telan, abin da zai fito daga bakina shi ne "Allah sarki, bawan Allah". A soron nan na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Don haka a rana ta uku ka ba mai labarin wani suna, ka canza masa unguwa, ko sana'a in ka so. Ƙashin bayan abin da ya faru ne kawai ba za ka taɓa ba. Ka bar shi ya yi magana da mutane, ka sa abin da suka ce da abin da ya amsa. In ka samu ƙarfi, rana ta huɗu ka ba da labarin ta idon wani da ke wurin: mai shayin bakin titi, maƙwabciya, ko kai ɗin nan bayan shekara ashirin. Pennebaker ya ƙirga kalmomin da mutane ke amfani da su, ya ga waɗanda suka fi samun sauƙi su ne waɗanda kalmomin dalili da na fahimta ke ƙaruwa a rubutunsu daga rana zuwa rana. A Hausa su ne irin su "saboda", "shi ya sa", "sai yanzu na gane", da kuma "ashe". Duk ranar da ka ga "ashe" ta fito a shafinka, aiki yana tafiya. In kuwa shafin rana ta huɗu tamkar na rana ta ɗaya ne, kalma a kan kalma, to zagaye kake yi a wuri guda. Canza mai ba da labarin, ko ka ajiye shi na wani lokaci.

Ba kowa ne hannunsa ya faɗa kan labari ba. Wani wasiƙa ce za ta buɗe masa baki, wadda ba za a aika ba: ga mamaci, ga wanda ya cuce shi, ko ga yaron da ya kasance lokacin da abin ya faru. Wani kuma waƙe ne. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Nana Asma'u 'yar Shehu ta yi marsiyya ga ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da ya rasu a 1837, ta yi wa aminiyarta A'isha ma. Amfanin waƙe shi ne ma'auni da amsa-amo suna riƙe baƙin ciki kamar yadda kalmasa ke hana bakin yadi zarewa. Kana neman kalmar da za ta dace da ƙarshen baiti, hankalinka yana da abin kamawa.

Sai tatsuniya, wadda nake ganin mu Hausawa mun yi sa'ar gadonta. Wata 'yar'uwar matata ta fito daga auren da ta sha wuya a cikinsa, shekara biyar ko sunan mutumin ba ta iya ji. Da na ba ta shawarar rubutu ta ce ba za ta iya rubuta shi ba. Sai ta fara da "Ga ta nan, ga ta nanku", ta mai da shi Dodo, ta mai da kanta yarinyar da aka kai gidansa. Abin da ba ta iya faɗa a kan mutum ba ta faɗe shi tsaf a kan Dodo. Ta ce mini abin da ya fi yi mata daɗi shi ne "ƙurunƙus". Kullum in lokaci ya cika sai ta rubuta shi da manyan baƙaƙe ta rufe littafi, ta tashi ta ɗora girki. Tatsuniya tana da ƙofar shiga da ta fita, kuma yarinyar cikinta takan kuɓuta.

Bayan kwanaki huɗun nan akwai wani aiki da nake so kowa ya yi ko sau ɗaya. Wasu masana a jami'ar Konstanz ta Jamus, Maggie Schauer da Frank Neuner da Thomas Elbert, sun tsara hanyar magani ta ba da labari, sun kuma gwada ta da 'yan gudun hijirar Sudan a Yuganda. Sukan shimfiɗa igiya a ƙasa a matsayin rayuwar mutum, ya jera duwatsu a wuraren wuya, furanni a wuraren daɗi, a bar sauran igiyar a naɗe don kwanakin da ba su zo ba. Ni da tef ɗin awo na yi, inci ɗaya shekara ɗaya, baƙaƙen maɓallai da farare. Na sa babban baƙi a 2011. Amma sai da na sa fari a ranar saukar karatuna, da ranar da maigidana ya yaye ni ya ba ni keke, da aurena, da haihuwar kowane yaro. Da na ja baya na duba, baƙin nan yana nan da girmansa, sai dai inci ɗaya ya ci a cikin arba'in da wani abu. Daga nan kowane maɓalli ya samu shafinsa.

Akwai inda biro shi kaɗai ba ya kai wa, kuma wannan ba maganar wasa ba ce. In ka fi wata guda barci ya ƙaurace maka, ko abin yana faɗo maka da rana tsaka kamar a gabanka ake yi, ko ka kasa fita nema, ko ka fara neman sauƙi a kwalbar kodin ko ƙwaya, je ka ga likita. In tunanin raba kanka da duniya ya taɓa gilma maka, yau za ka gaya wa wani, ba gobe ba. Akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau. Zuwa can ba ya nufin hauka. Ciwon firgici da na damuwa ciwo ne kamar hawan jini. Su kansu likitocin duniya suna da maganin da aka gina kan rubutu, wanda Denise Sloan da Brian Marx suka tsara: zama biyar, rubutun minti 30 kowane zama, a gaban ƙwararre. Binciken da suka fitar a 2018 ya nuna bai gaza wani sanannen magani mai zama goma sha biyu ba. Ni ma ban yi nawa ni kaɗai ba, akwai likita a ƙarshen waya.

Saura maganar abin da za ka yi da shafukan. Naka ne. Kana iya kulle su, kana iya ƙona su. Aikin a lokacin rubutawa aka yi shi. In akwai wanda zai cutar da ke idan ya gani, 'yar'uwa, ki yaga ki sa a murhu a ranar. Abin da nake roƙo shi ne kada a yi saurin zuba shi a Facebook ko a rukunin WhatsApp na masu karanta littattafai. Na san da yawa daga marubutanmu na Kano daga ciwonsu suke ɗebo labari, kuma hakan yana da kyau in lokaci ya yi. Amma rubutun jinya daban, na kasuwa daban. Kalma ɗaya daga bakin wanda bai san ka ba tana iya warware ɗinkin wata uku. In za ka nuna wa wani, zaɓi mutum ɗaya, ka nemi izininsa tukuna, ka gaya masa kunne kawai kake so ya ara maka.

Ni sai da aka kusa shekara kafin na kai wa Umma. Ranar Juma'a ce bayan la'asar, tana zaune a kan darduma tana jan carbi. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Umma, akwai wani labari da na rubuta, in kin ba ni dama in karanta miki." Ta ce, "Ina jin ka." Ba ta taɓa kiran sunana ba, ni ne ɗan fari. Na karanta labarin wani tela. Da na zo inda yaron ya ce sai ya zaɓi kala da idonsa, carbin ya tsaya a hannunta. Ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ce, "Da azahar ya shigo yana mitar za a zaɓo masa abin da ba ya so. Ni na ce ya tashi ya bi yayansa." Shekara goma muna cin tuwo a gida ɗaya, kowa yana ɗauke da gawar yaron nan shi kaɗai, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa don kada ya fama masa.

Umma ba ta yi boko ba, ajaminta kuma ido ya hana. Mako na zagayowa ta ce in zo da littafi sabo. Yanzu duk Juma'a bayan la'asar ita ke faɗa ina rubutawa, minti ashirin, in ƙararrawa ta buga mu rufe ta aiki jika ya kawo mana kunu. Ta ce daga farko za ta fara, daga gidan mahaifinta a Dala. Mun wuce aurenta, mun wuce haihuwata da ta ƙannena mata biyu. Ba mu zo kan Auta ba tukuna, kuma ban ce ta yi sauri ba.